Kwanson Baƙin Ƙarfe Ko Na Tagulla: Da Wane Harsashi Za A Koyi Harbi?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi ya san abin da ake kira cinkoso. Tun da hantsi manyan motoci suke jeruwa a gefen titin da ya taso daga Kano ya nufi Kazaure da Daura, ga shanu da tumaki ana kora su zuwa kara, ga buhunan gero da dawa da wake an jibge, ga yara 'yan talla suna kurɗawa ta tsakanin manya. A cikin irin wannan taro mutum yakan hangi jami'in ɗan sanda da ƙaramar bindiga rataye a ƙugunsa, yana raba hanya, ko kuwa yana sauraron ƙarar wani da aka yanke wa aljihu. Ba kasafai ake kula da bindigar nan ba, kuma hakan ya fi. Amma akwai tambayar da ta kamata ta dami kowane mai cin kasuwa: idan rana ta ɓaci har ya zama tilas jami'in nan ya zare ta a tsakiyar jama'a, sau nawa hannunsa ya taɓa harba ta kafin wannan rana?

Amsar wannan tambaya tana hannun masu kasafin kuɗi tun kafin ta iso hannun malamin harbi. Harsashi kaya ne da ake saye don a ƙona, kowane ɗaya da ya tashi kuwa kuɗi ne suka tashi. Saboda haka sa'ad da aljihun gwamnati ya yi ƙunci, harsashin koyo yana cikin abubuwan da suka fi sauƙin tsukewa, domin ba wanda zai ga giɓinsa a ranar da aka tsuke shi. To, a kasuwannin duniya akwai wani irin harsashi wanda ya daɗe yana da araha bisa sauran, watau wanda aka yi kwansonsa da baƙin ƙarfe maimakon tagulla. Masu harbi sun shekara da shekaru suna gardama a kansa. Waɗansu suna cewa araha ba ta ado, zai ci bindiga ya bar mai ita da asara. Waɗansu kuwa suna cewa da shi ne kaɗai mai ƙaramin ƙarfi zai iya yin harbin koyo har hannunsa ya faɗa. Wannan gardama ta shafe mu, ko da yake ba a kasuwar Ɗanbatta aka fara ta ba.

Kafin a shiga cikinta ya kamata mai karatu ya san cewa ƙaramar bindiga, wadda iyayenmu suke kira libarba, yaran yanzu kuma suke kira fistol, ita ce mafi wuyar sarrafawa a cikin bindigogi. Doguwar bindiga tana da gindi da ake tokarawa a kafaɗa, hannu biyu da kunci duk suna riƙe da ita. Ƙaramar kuwa a tafin hannu take zaune, kuma yatsan da zai ja kunama shi ne mai iya karkatar da ita. Tazarar da ke tsakanin saitinta na gaba da na baya ba ta wuce kamar santimita 15 ba. Ɗalibi mai lissafi zai iya aunawa da kansa: idan saitin ya kauce da milimita ɗaya tak, to, a nisan mita 15 harsashin zai kauce da santimita 10. In hannu ya yi rawa har kuskuren ya kai milimita biyar, an tafi rabin mita ke nan, rabin mita kuwa a kasuwa ya isa ya raba ɓarawo da mai sayar da goro. Wannan gwaninta kuma ba irin ta hawan keke ba ce da in an iya an iya ke nan. Dusashewa take yi idan aka daɗe ba a taɓa ba.

ABIN DA DOKA TA CE

A Nijeriya wannan magana ta hukuma ce zalla. Dokar Makamai ta shekarar 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Adaka da sauran bindigogin da ake ɗurawa ta baki, irin na mafarautanmu, suna kashi na uku. Bindigogin harbin tsuntsu da na wasanni suna kashi na biyu, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda. Libarba da fistol kuwa suna kashi na farko, tare da bindigogin yaƙi, watau haramtattu ne ga kowa sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ke nan masu koyon harbi da ƙaramar bindiga a ƙasar nan su ne 'yan sanda da soja da 'yan kwastan da ma'aikatan gidajen gyaran hali da sauran jami'an da doka ta ɗora wa ɗaukar makami. A Amurka ne mutum zai shiga kanti ya sayi kwalin harsasai ya tafi filin harbi ranar hutunsa, shi ya sa yawancin gwaje-gwajen da za a ambata a nan daga can suka fito.

Akwai kuma wajibin da ke kan hukuma. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a taron birnin Habana na ƙasar Kuba a shekarar 1990 sun ce kada a ba jami'i izinin ɗaukar bindiga sai ya kammala horo na musamman a kan amfani da ita. A nan gida, Umarnin Rundunar 'Yan Sanda mai lamba 237, wanda aka yi wa gyara a shekarar 2019, shi ne ya fayyace lokacin da ya halatta ɗan sanda ya yi harbi. Sai dai sanin lokacin da ya halatta daban, iya sa harsashi inda aka nufa daban. Na farkon a aji ake koyonsa, a makarantu irin su Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, inda marigayi Audu Bako ya taɓa koyar da doka tun kafin ya zama gwamnan Jihar Kano a 1967, wanda kuma Kwalejin Aikin Gona ta Ɗanbatta take ɗauke da sunansa. Na biyun kuwa ba ya samuwa sai an ƙona albarushi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

CIKIN HARSASHI

Abin da muke kira harsashi a dunƙule abubuwa huɗu ne. Akwai ƙwayar da take fita ta bakin bindiga, wadda yawanci dalma ce aka yi wa riga da jan ƙarfe. Akwai albarushi. Akwai ɗan ƙyastu da ke liƙe a gindi, wanda allurar bindiga take buga ya ba da wuta. Sa'an nan akwai kwanso, wanda ya haɗa sauran ukun wuri guda, shi ne kuma abin da yake faɗowa ƙasa bayan an harba.

Mutum zai zaci kwanson nan mazubi ne kawai, alhali kuwa yana da babban aiki. A daidai lokacin da albarushi ya kama, tururinsa yana hura kwanson har ya kumbura ya manne da bangon gurbin da yake zaune a ciki, ya toshe hanya don kada wuta ta dawo baya wajen fuskar mai harbi. Da zarar ƙwayar ta fita, sai kwanson ya ɗan motse, wata 'yar ƙugiya ta cafki bakin gindinsa ta fizgo shi waje, wani sabo ya hau. Duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido. Tagulla ta dace da wannan aiki ƙwarai da gaske, domin tana da laushin kumbura, tana kuma da halin komawa, ga santsi, ga shi ba ta tsatsa. Irin da ake yin kwanso da ita haɗi ne na jan ƙarfe kashi 70 cikin ɗari da tutiya kashi 30.

Aibinta ɗaya ne, tsada. Jan ƙarfe shi ne wayar lantarki, shi ne cikin injin janareto da na famfon ban ruwa, duniya duka tana rububinsa. Farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar ƙarafa ta Landan a shekarar 2011, ya sake haurawa a 2021. Baƙin ƙarfe kuwa bai taɓa kusantar wannan ba. Amma shi yana da taurin kai: ba ya kumbura ya toshe gurbi sosai kamar tagulla, in ya kumbura kuma ba ya komawa da sauƙi, ga shi da tsatsa. Don haka masana'antu suke shafe shi da wani irin fenti mai ƙyalli, ko siririyar roba, ko su wanke shi da ruwan jan ƙarfe ko na tutiya. Shi ya sa akan ga kwanso kore, ko ruwan toka, ko mai jaja-jaja.

Yaƙi ne ya fito da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamus ta rasa isasshen jan ƙarfe, ta koma yin kwanson baƙin ƙarfe, har da na harsashin milimita 9 na ƙananan bindigogi. Amurka ma ta shiga wannan hali, har ta kai a shekarar 1943 da baƙin ƙarfe ta buga kwabonta don a tanadi jan ƙarfe saboda fagen fama. A garin Evansville na Jihar Indiyana, kamfanin motoci na Chrysler ya mai da masana'antarsa ta harhaɗa motoci gidan yin harsasai tun daga 1942, inda aka yi harsashi fiye da biliyan uku, mafi yawansu na fistol ɗin sojan Amurka mai lamba .45, kuma da yawa daga ciki da kwanson baƙin ƙarfe. Wannan ya nuna cewa ƙaramar bindiga ta san irin wannan harsashi tun fiye da shekara tamanin da suka wuce. Bayan yaƙi Amurka ta koma wa tagullarta. Tarayyar Sobiyet kuwa ta riƙe baƙin ƙarfe ta mai da shi ɗabi'a, ta ƙera bindigoginta daidai da halinsa. Kwanson harsashin AK-47 tsukakke ne ta sama, mai faɗi ta ƙasa, saboda haka da an ɗan ja shi yake sakin gurbi. Fistol ɗin Makarov da suka fara amfani da ita a 1951 ita ma da irin wannan harsashi ta saba. Duk jami'in da ya taɓa loda harsashin AK-47 ƙirar Rasha ko Sin a gidansa, da wuya in bai riƙe kwanson baƙin ƙarfe ba, ko da bai lura ba.

LAIFUFFUKAN DA AKE ƊORA MASA

Zargi na farko shi ne ƙazanta, kuma gaskiya ne. Da yake kwanson ba ya toshe gurbi sosai, hayaƙi yana ɗan tsiyayowa ta gefe ya bar kunkunniya a bangon gurbin. In ta taru, kwanso yana iya maƙalewa. An daɗe ana cewa fentin jikin kwanson ne yake narkewa ya zama gam, amma waɗanda suka bi diddigin abin sun fi ɗora laifin a kan kunkunniyar nan. Maganinta burushi da tsumma da mai, watau a share bindiga duk ranar da aka yi harbi, abin da dama wajibi ne a kan kowane jami'i. Harsashin milimita 9, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarni na ashirin, kuma shi ne ya fi yawa a ƙananan bindigogin jami'an tsaro na duniya, shi ma kwansonsa yana da ɗan tsukewa ta sama, abin da yake taimaka masa wajen fita. Inda aka fi kuka da maƙalewa shi ne a libarba mai juyawa, domin ita kwanso shida ake turowa waje lokaci guda da ƙarfin tafin hannu.

Zargi na biyu shi ne yana cin ƙugiyar da take fizgo kwanso, wai ƙarfe ne yake gugar ƙarfe. Sai dai ƙarfen kwanso mai laushi ne idan aka gwada shi da na ƙugiyar, wanda aka yi wa tauri da wuta. Ƙugiya tana iya gajiya da wuri fiye da yadda za ta gaji da tagulla, amma ƙaramin abu ce mai sauƙin kuɗi, makanikin bindiga yana sauya ta cikin 'yan mintoci, muddin an tanade ta a ma'ajiya. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba ƙarami ba ne a ƙasar da akan ajiye mota shekara guda saboda rashin abin da bai kai girman yatsa ba.

Zargi na uku shi ne mai nauyi, kuma a nan ne akasarin mutane suke kama wanda ba shi ya yi laifin ba. Ana cewa harsashin nan yana cinye cikin bututun bindiga. Kwanso kuwa ba ya shiga bututu, a gurbi yake tsayawa. Abin da yake bi ta bututu ƙwayar ce. To, masana'antun Rasha irin na Tula da Barnaul, waɗanda suka fi kowa fitar da wannan harsashi, sukan yi wa ƙwayar riga da baƙin ƙarfe mai laushi su lulluɓe ta da ɗan siririn jan ƙarfe, don ƙarin rangwame. Wannan riga ce mai guga. A shekarar 2013 wani kamfanin sayar da harsasai na Amurka mai suna Lucky Gunner ya buga sakamakon gwajin da ya yi da dogayen bindigogi huɗu iri ɗaya, ƙirar AR-15, aka ware wa kowace harsashi 10,000. Wadda aka ba harsashin tagulla ta cinye nata ba ta cije ko sau ɗaya ba. Biyu daga cikin waɗanda aka ba na baƙin ƙarfe sun cije sau 9 da sau 15, abin da ba shi da yawa a cikin dubu goma, amma wajen harsashi na 6,000 bututunsu ya riga ya side har saiti ya lalace. Ta huɗun kuwa ta yi ta cijewa har ba ta iya kammala gwajin ba. Masu gwajin sun ɗora akasarin laifin sidewar a kan rigar ƙwayar, sun kuma lissafa cewa a farashin wancan lokaci rarar da aka samu ta isa a sayi sabon bututu har a sami canji.

Lalle ne a lura cewa da dogayen bindigogi aka yi wannan gwaji, kuma an yi ta harbi ne babu sassauci har suna zafi jau. Harsashin waccan bindiga yana fita da gudun da ya haura mita 900 a daƙiƙa, da matsin da ya kai fam 55,000 a kan kowane inci murabba'i. Na milimita 9 kuwa gudunsa bai cika kai mita 400 ba, matsinsa kuma iyakarsa fam 35,000 ne bisa ma'aunin masana'antun Amurka. Ƙarancin gudu da zafi yana rage guga ƙwarai. Bututun fistol yana da tsawon rai, kuma a fistol na zamani bututun abu ne da ake zarewa a sa wani ba tare da an je maƙera ba. A ganina, rundunar da ta yi harbin koyo har ta side bututun fistol ɗinta ta cancanci yabo, kuma ba za ta yi kukan kuɗin sabon bututu ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane irin rigar ƙwaya: a kanga mata maganaɗisu a tsininta. In ya kama, akwai baƙin ƙarfe a ciki. Ba kowane mai kwanson baƙin ƙarfe ne yake da irin wannan riga ba, don haka ma'aikacin da aka ɗora wa rubuta sharuɗɗan kwangila yana iya raba su, ya nemi kwanso mai araha da ƙwaya mai rigar jan ƙarfe.

DAMINA DA HUNTURU

Yanayin ƙasarmu yana da nasa ra'ayi a wannan gardama. Arewacin Kano busasshiyar ƙasa ce a mafi yawan shekara, wannan kuwa gata ne ga baƙin ƙarfe. Amma daga Yuli zuwa Satumba laima tana shiga ko'ina, kwanon rufi yana yoyo, bango yana tsattsafo. Kwanson da fentinsa ya ƙuje yana kama tsatsa, tsatsattsen kwanso kuwa shi ne mai maƙalewa. Harsashin da ya zo cikin gwangwani a liƙe yana iya shekaru lafiya. Wanda aka buɗe aka zuba a kwali a ɗaki mai danshi, ko ya kwana a aljihun rigar da ta sha gumi, ba zai daɗe ba. Wannan dalili ne babba na ware irin wannan harsashi don filin koyo kaɗai, inda za a buɗe gwangwani da safe a ƙare shi kafin la'asar.

Akwai kuma tarko a cikin tsofaffin harsasan soja da akan sayar da araha tsububu. Ƙyastun da yawa daga cikinsu yana barin wani gishiri a cikin bututu, gishirin yana janyo danshi, kafin kwana biyu tsatsa ta kama. Mai ba ya narkar da shi, sai ruwa. Harsasan kasuwa na zamani galibi ba su da wannan aibi, amma dole a rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar kwangila, a kuma gwada samfur kafin a biya, domin rubutun jikin kwali ba shaida ba ne.

Da rani kuma wata matsalar ce. Ƙwaya mai rigar baƙin ƙarfe tana fid da tartsatsi idan ta bugi dutse ko ƙarfe, shi ya sa filayen harbi da yawa na cikin gini a Amurka suka hana ta. A ƙasa irin ta Ɗanbatta, inda gona take manne da gona, ƙauye yake hango ƙauye, kuma bayan kaka ko'ina karan dawa ne da harawa a jingine, iskar hunturu ba ta bukatar fiye da tartsatsi guda. Filin harbi a irin wannan wuri yana bukatar tudun yashi mai tsawo wanda babu duwatsu a ciki, a kuma share ciyawar kewayensa. Samun filin ma kansa aiki ne, domin ƙwayar milimita 9 da ta tsallake tudu tana iya tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma da wuya a sami wannan tazara a nan ba tare da gida ko makiyayi ba.

LISSAFI DA RIJISTA

Rarar da ake samu tana sauyawa da kasuwa, amma a ɗauki misali kawai. In harsashin baƙin ƙarfe ya kasa na tagulla da kashi ɗaya cikin huɗu, kuɗin da za su sayi 300 za su sayi 400. A makaranta irin Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil, wadda aka kafa a 1988 ta kuma sami matsayin ba da digiri a 2012, wannan ƙari na ɗari a kan kowane ɗalibi ba wasa ba ne. Sai dai a cire wani abu daga rarar. Fankon kwanson tagulla yana da daraja, ana iya sayar da shi a narka, ko a mayar da shi masana'anta a sake cika shi. Na baƙin ƙarfe kuwa ko ɗan jari-bola ba zai ba shi daraja mai yawa ba.

Wannan rashin daraja yana da wani amfani ta fuskar tsaro. Yawancin kwansunan baƙin ƙarfe suna ɗauke da irin ƙyastun da ba a sauya shi da sauƙi, ƙirar wani Ba'amurke mai suna Hiram Berdan, yayin da na tagullar Amurka suke ɗauke da ƙirar wani Bature ɗan Ingila, Edward Boxer, mai sauƙin sauyawa. Abin mamaki, kowannensu a ƙasar ɗan'uwansa da maƙwabtanta ƙirarsa ta fi karɓuwa. Abin da ya shafe mu shi ne fankon baƙin ƙarfe da ya ɓace daga filin koyo da wuya ya sake zama harsashi a hannun ɓata-gari.

Cikakken harsashi kuwa ba ruwansa da irin kwansonsa, in ya sulale ya sulale. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ambaci makamai da harsasai 178,459 waɗanda ba a ga lissafinsu ba a rumbunan 'yan sanda, ciki har da bindigogin AK-47 guda 88,078, ko da yake rundunar ta yi jayayya da yadda aka fassara waɗansu alƙaluman rahoton. Ko yaya aka fassara su, ƙara yawan harsashin koyo ba tare da ƙarfafa rijista ba tamkar ƙara ruwa ne a tulu mai yoyo. Tsarin da aka sani shi ne a ƙirga abin da aka fitar da safe, a ƙirga fankon da aka dawo da shi da yamma, lissafi biyun su yi daidai kafin kowa ya tafi gida. Yarjejeniyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta shekarar 2006 a kan ƙananan makamai ta haɗa har da harsasai, ta kuma nemi a riƙa sa musu alamar da za a bi sawunsu da ita. A nan ma launin kwanso yana da amfani: idan harsashin koyo kore ne ko ruwan toka, na aiki kuma ruwan tagulla, duk inda aka tsinci na koyo a wajen fili an san akwai tambaya.

Saura batun inda za a samo shi. Rasha ce uwar wannan kasuwa, amma a watan Satumba na 2021 Amurka ta daina ba da sabon izinin shigo da harsasan Rasha, sa'an nan yaƙin Yukren da ya ɓarke a 2022 ya janye hankalin masana'antun zuwa fagen daga, ga kuma takunkumi. Ke nan arahar da aka sani a da ba tabbas ba ce a kowace shekara, kuma rundunar da ta dogara da ƙofa ɗaya tana iya wayar gari ta tarar an rufe ta. Hukumar Ƙera Makamai ta Ƙasa, watau DICON, wadda aka kafa a Kaduna a 1964 da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, tun farkonta harsashin milimita 9 yana cikin abubuwan da aka tsara mata ta yi, kuma an sabunta dokarta a 2023. Nijeriya ba ta cikin ƙasashe masu arzikin jan ƙarfe, amma tana da tama, don haka a takarda kwanson baƙin ƙarfe ya fi dacewa da mu. A aikace kuwa da sauran tafiya. Aikin Ajakuta da aka fara a 1979 tare da Tarayyar Sobiyet ya kai shekarar 2024 babbar tukunyarsa ta narka tama ba ta fara aiki ba. Masana'antar mulmula ƙarfe da aka buɗe a Katsina a 1982 kuwa don rodi da waya aka gina ta, alhali kwanso yana bukatar fallen ƙarfe na musamman mai laushi wanda za a iya miƙarwa ya zama kofi ba tare da ya tsage ba.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne harsashi mai kwanson baƙin ƙarfe ya isa aikin koyo da fistol, in an sayi mai kyau, an gwada shi a irin bindigogin da rundunar take da su, an kuma duba abin da masu ƙera bindigar suka ce, domin waɗansunsu suna gargaɗi a kansa. Ko cijewar da yakan yi jefi-jefi ma tana da amfani a filin koyo, domin a nan ne ya kamata jami'i ya koyi warware bindigar da ta cije. Dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda ta 2019 ta sanya horo da sayen kayan aiki cikin manufofinta.

Amma kada jami'i ya fita aiki da shi, kada kuma a yi jarrabawar ƙarshe da shi. Harsashi mai araha sau da yawa albarushinsa yana da ɗan sassauci, bugunsa a hannu daban ne, inda ƙwayarsa take sauka ma yana iya bambanta da na harsashin aiki. Jarrabawar shekara sai da ainihin harsashin da jami'in yake ɗauke da shi a ƙugu. Hanya mafi sauƙi ita ce ranar jarrabawa ya harbe waɗanda suka shekara a cikin gidan harsasan bindigarsa, suka sha rana da gumi da ƙurar kasuwa, a ƙirga fankonsu, a ba shi sababbi ya sa hannu a rijista.